Yadda Ake Ɗura Harsashin Libarba da Dalma Mai Laushi Ba Tare da Ta Manne a Bututu Ba

Tambayar nan ta ƙi ƙarewa, kuma kusan kowa da salo ɗaya yake kawo ta: "Na ɗura harsashi da ƙwayar dalma, na harba talatin ko arba'in, da na leƙa bututu sai na tarar ya yi dumu-dumu da dalma. In koma ƙwaya mai tauri ne?" Amsata a mafi yawan lokuta ita ce a'a. Laushin dalma ba shi ne babban mai laifi ba. Rata ce. Idan ƙwaya ba ta toshe hanya ruf ba, hucin albarushi yana kurɗawa ta gefenta, ya yanki dalma kamar wutar walda, ya fesa ta a jikin bututu, ƙwayar da ke biye kuma ta zo ta daɓe ta. Duk matakan da ke ƙasa manufarsu guda ce, wato ƙwaya ta bar kwanso da kaurin da ya dace, ta isa bakin bindiga ba tare da wuta ta sami hanyar wuce ta ba.

Kafin komai, wannan aiki na wanda dokar inda yake zaune ta ba shi izinin mallakar bindiga da ɗura harsashi ne. A ƙasashe da dama yin sa ba lasisi laifi ne babba. Haka nan ba zan ba da nauyin albarushi ko ɗaya a nan ba. Wannan adadi daga littafin ɗuri na kamfanin albarushin ko na kamfanin ƙwayar ake ɗauko shi, ba daga bakin wani ba, ko da ni ne.

Kayan aiki

Na ɗauka kana da injin matsi, da jerin dayis na girman harsashinka, wato ƙarafan da ake ɗaurawa a injin don matse kwanso da zaunar da ƙwaya, da sikelin awon albarushi, da littafin ɗuri mai bayanin ƙwayar dalma. Abin da za ka ƙara a kai:

Maikuromita mai karanta kashi ɗaya cikin dubu goma na inci. Kalifa ba za ta wadatar ba, domin bambancin da muke nema bai wuce .001 ba, kalifa kuwa kan yi kuskuren da ya kai haka. Sai ƙwallon dalma zalla wanda ya ɗan fi bututunka kauri, da sandar tagulla, da gudumar roba, da abin zare ƙwaya daga kwanso mai siffar guduma, da tsohon buroshin bututu, da soson jan ƙarfe zalla, da ɗan maganaɗisu, da tocila.

A cikin waɗannan maikuromita ce kaɗai za ta ɗan taɓa aljihu, kuma ita ce wadda ba na yarda a yi wa rowa. Sandunan awo na ƙarfe, masu hawa-hawan kauri, suna sauƙaƙa awon silinda, wato gangar libarba mai juyawa wadda ake zuba harsashi a ramukanta, amma ba sai ka sayi akwati guda ba, huɗu ko biyar da ke kewaye da girman bindigarka sun isa. Na'urar gwada taurin dalma da na'urar auna gudun harsashi suna da amfani, sai dai za su iya jira. Kuɗin da ya fi kowanne zafi shi ne na maƙerin bindiga idan awo ya nuna sai an gyara silinda, amma sau ɗaya ake biyansa.

1. Wanke bututu har ƙarfe ya fito

Buɗe silinda, ka tabbatar da idonka da yatsanka cewa ba harsashi a ciki, ka kuma fitar da duk wani harsashi daga ɗakin da kake aiki.

Idan ka taɓa harba ƙwaya mai rigar jan ƙarfe a wannan bindiga, akwai saurarsa a bututu ko da ba ka gani. Dalma na kama jikin jan ƙarfe da sauri, don haka sai ka fara da maganin narkar da shi, kana gogewa har ƙyalle ya daina fitowa shuɗi. Tsohuwar dalmar da ta manne kuwa, warware zare kaɗan daga soson jan ƙarfe, ka naɗa a tsohon buroshi har ya cika bututu da kyau, ka yi ta kai da kawowa a bushe. Za ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli na zubowa a takarda. Akwai kuma Lewis Lead Remover, wanda ke amfani da ragar tagulla, yana da kan da ke share mazurarin bututu ma, wato faffaɗan bakinsa na baya da ke fuskantar silinda.

Gargaɗi: sa maganaɗisu a jikin soson tukuna. In ya kama, ƙarfe ne aka yi wa fentin jan ƙarfe, zai karce bututu. Kada ka harba ƙwaya mai riga wai don ta share dalma, matsi na iya tashi a bututun da ya ƙuntata, kuma abin da ya rage sai ya ƙara damewa. Haɗin ruwan binega da haidurojin feroksayid da wasu ke yabawa yana narkar da dalma, amma abin da yake bari guba ce mai narkewa a ruwa, tana kuma iya cin ƙarfen. Ka bar shi.

2. Auna cikin bututu

Cikin bututu tudu da kwari ne a murɗe, abin da muke so shi ne faɗin daga kwari zuwa kwari. A takarda bindigogin .38 Special da .357 Magnum suna da .357 na inci, .44 Special da .44 Magnum suna da .429, .45 Colt na zamani yana tsakanin .451 da .452, tsofaffinsa kuwa kan kai .454. Takarda ke nan. Bindigarka na iya saɓawa, shi ya sa ake awo.

Shafa mai a bututu da jikin ƙwallon dalmar. Ɗora ƙwallon a bakin bindiga, ka buga a hankali da gudumar roba har ya shige, zoben dalma ya yanke ya faɗi. Daga nan tura shi da sandar tagulla, silinda a buɗe, ka sa ƙyalle a inda zai faɗo don kada ya lotse.

Ka lura da hannunka yayin turawa, domin a nan ne bindiga ke faɗa maka abin da maikuromita ba za ta faɗa ba. Idan ƙwallon yana tafiya sumul, sai da ya zo daidai inda aka ɗaura bututu a jikin bindiga ya cije, to akwai ƙunci a wurin. Yana faruwa idan an matse zaren bututu da ƙarfi a masana'anta. Ƙwaya na wuce wurin ta rage kauri, sauran tafiyar kuma ta yi ta a sake, wuta na binta ta gefe. Ƙaramin ƙunci dalma mai laushi kan jure shi, domin matsi na sake kumbura ta. Babba sai maƙeri.

Gargaɗi: dalma zalla kawai, ba mai tauri ba, kuma ban da sandar ƙarfe. Sandar katako ma na iya tsagewa ta cushe a gefen ƙwallon, ka wayi gari da matsala biyu. Idan bututunka mai kwari biyar ne, kamar yawancin libarbar Smith & Wesson, tudu na fuskantar kwari, maikuromita ta yau da kullum ba za ta ba ka gaskiya ba. Kada ka damu, ajiye ƙwallon, zai yi aiki a mataki na gaba ko ba adadi.

3. Auna maƙogwaron silinda, ɗaya bayan ɗaya

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne libarba ta bambanta da sauran bindigogi. Kafin ƙwaya ta taɓa bututu sai ta bi ta ƙuntataccen gaban ramin silinda, wanda muke kira maƙogwaro. Duk kaurin da ka ba ƙwaya, maƙogwaro ne ke da magana ta ƙarshe. In ya fi bututu ƙunci, zai matse ƙwayar .358 ta koma .356, ta shiga bututun .357 tana lilo. Ba mai, ba haɗin dalma, ba albarushin da zai gyara wannan.

Tsarin da ake so shi ne hanya ta riƙa ƙuntata daga baya zuwa gaba: maƙogwaro ya yi daidai da kwarin bututu ko ya fi shi da kamar .0005 zuwa .001.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka ɗauki ƙwallon da ka tura ta bututu, ka gwada shi a kowane maƙogwaro. In ya wuce da ɗan turin yatsa ko ya faɗa da kansa, madalla. In ya ƙi, maƙogwaron ya yi ƙunci. Don samun adadi, yi amfani da sandunan awo, ko ka cire silinda ka tura sabon ƙwallo ta kowane rami ka auna. Sa alama a ramin farko da alƙalami mai gogewa, ka rubuta duka shida. Kada ka auna ɗaya ka ce sauran haka suke. Na sha ganin silinda mai ramuka huɗu daidai, biyu a matse, mai ita yana mamakin me ya sa a kowane zagaye harbi biyu ke kauce wa sauran.

Gargaɗi: in ya kama a faɗaɗa maƙogwaro, kai wa maƙerin bindiga mai kayan aikin. Takardar yashi a kan sanda da injin huda suna mayar da rami kamar ƙwai, ƙarfen da aka cire kuma ba ya dawowa. Tun da ka je, ka ce ya duba mazurarin bututu ko yana da kaushi, da kuma ko kowane rami na tsayawa daidai saitin bututu. Libarbar da ke tofar da ɓarɓashin dalma ta gefe ba ta ɗuri ba ce, ta gyara ce.

4. Zaɓi kaurin ƙwaya

Ƙwaya ta bi maƙogwaro, ba abin da aka rubuta a kwali ba. Wadda ta dace ita ce wadda za ka tura ta maƙogwaro da bayan fensir, ka ji tana ɗan cijewa kafin ta wuce. In ta faɗa da kanta ta yi siriri. In sai da guduma, ta yi kauri. Yawanci ana ƙarewa a .358 ga .38 da .357, .430 ko .431 ga .44, .452 ga .45 Colt na zamani. Auna goma daga kwalin da ka saya, a wurare biyu kowacce, domin rubutun kwali alkawari ne kawai.

5. Daidaita taurin dalma da ƙarfin ɗurinka

Ana auna taurin dalma da ma'aunin Brinell, a taƙaice BHN. Dalma zalla tana wajen 5. Kashi ɗaya na kuza cikin ashirin na dalma yana ba da kamar 10. Haɗin kamfanin Lyman mai lamba 2, wato dalma 90, kuza 5, antimoni 5, yana kai 15. Dalmar injin buga takardu ta Linotype tana wajen 22. Ƙwayoyin kasuwa da ake tallatawa da sunan masu tauri da yawansu suna kusa da 18.

Akwai lissafin da masu zuba dalma suka daɗe suna amfani da shi: ninka BHN da 1,422, abin da ya fito shi ne kimanin matsin da ake buƙata, a ma'aunin psi, kafin gindin ƙwaya ya kumbura ya toshe bututu. Ƙwaya mai 18 tana buƙatar kusan 25,600. To amma iyakar matsin .38 Special a ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar da ke tsara wa masana'antun harsashi na Amurka mizani, 17,000 ne. Na .44 Special 15,500, na .45 Colt 14,000. Ka ga ƙwaya mai 18 a cikin waɗannan ba za ta taɓa kumbura ba. In ta zo da 'yar rata, da ratar za ta fita. Mai 10 kuwa wajen 14,200 take nema, mai 8 ƙasa da 11,500. Lissafin ba doka ba ne, manuniya ce, amma ya bayyana abin da ke ɗaure wa mutane kai: sun koma ƙwaya mai tauri, dalma ta ƙaru.

Ni ma ta nan na biyo. Shekarun farko ina ɗura .38 mai sauƙi da ƙwaya mai tauri, mai wani shuɗin mai kamar kyandir, kullum inci na farko na bututu a cushe. Ranar da na gwada mai laushi, kaurinta daidai da maƙogwaro, na harba hamsin, ƙyalle biyu suka share bututun.

Don haka ga harsashi mai ƙaramin matsi, 8 zuwa 12 ya isa. Ƙwayoyin da ake matsawa daga wayar dalma ba tare da narkarwa ba, irin na Hornady da Speer, suna da laushi sosai, ka tsayar da su ƙasa da ƙafa 900 a daƙiƙa. Mai ramin gindi mai nauyin giren 148 (giren shi ne ma'aunin nauyin ƙwaya da albarushi), wadda ake harbin takarda da ita, wurinta ƙafa 700 zuwa 750. Idan kana son gudun .357 ko .44 Magnum, waɗanda matsinsu ke kai 35,000 da 36,000, sai ka ƙara tauri ko ka nemi ƙwaya mai 'yar hular jan ƙarfe a gindi. Amma ka tuna Elmer Keith, shahararren maharbin libarba na Amurka, da haɗin kuza ɗaya cikin dalma sha shida ya yi ɗurinsa masu ƙarfi na .44, haɗin da a yau za a kira shi mai laushi.

Gargaɗi: ƙwaya mai ramin gindi idan aka matsa mata, siket ɗinta na iya yankewa ya tsaya a bututu, kan ya fita ya huda takarda kamar ba abin da ya faru. Harbi na gaba shi zai tarar da shi. Bayanin littafi na wannan ƙwaya daban yake da na mai cikakken gindi, ko da nauyinsu ɗaya.

Ga mai zuba ƙwayarsa da kansa: dalma na narkewa a digiri 327 na Salshiyas. Yi aikin a inda iska ke wucewa, da tabarau da safar hannu. Ɗigon ruwa guda da ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma yana watsa tukunya gaba ɗaya. Ban da dalmar batir. Zinki ko kaɗan ne yana ɓata haɗi. Haɗin da ke da antimoni kuma yana ƙara tauri cikin makonni biyu zuwa uku bayan zubi, kada ka yanke masa hukunci a rana ta farko.

6. Mai

A ƙaramin matsi mai mai laushi ya fi. Mai tauri an yi shi ne don ya jure zafi da jigila a kwali, sau da yawa za ka tsinci ƙwaya a tudun ƙasa man yana nan daram a kwarinsa, bai yi aikin komai ba. Tsohon haɗin nan na rabi man Alox na kasuwa rabi kakin zuma har yau bai gaza ba.

Idan ka riga ka sayi ƙwaya mai busasshen mai, ba sai ka zubar ba. Zuba su a roba, ka ɗiga Lee Liquid Alox kaɗan, ka jujjuya har kowacce ta yi launin ruwan zuma, ka baza a takarda mai santsi su kwana. Kuskuren kowa a nan shi ne yawaitawa. In sun yi baƙi suna danƙo, man zai taru a dayis ya riƙa tura ƙwaya ciki fiye da yadda ka saita. Wata hanyar ita ce fentin gari da ake gasawa a digiri 200 na Salshiyas na kamar minti ashirin. Yana ƙara kauri da .001 zuwa .002, saboda haka sai an sake daidaita ƙwaya bayan gashi, tandar da aka yi wannan da ita kuma ta bar harkar girki har abada.

7. Shirya kwanso, ka buɗe masa baki yadda ya kamata

Matse kwanso, cire tsohuwar firaima, wato 'yar hular da ke gindin kwanso mai kunna albarushi, sa sabuwa ta zauna ƙasa kaɗan da fuskar gindi. Firaimar da ta ɗago na iya hana silinda juyawa. Ware kwansuna bisa kamfani, ka duba tsayinsu, domin naɗin baki ba zai daidaita ba in tsayi ya bambanta.

Yawancin dayis an yi su ne don ƙwaya mai riga, sandar buɗe kwansonsu siririya ce kuma gajera. Kwanson da ya matse da yawa yana iya rage kaurin dalma mai laushi tun kafin a harba. Nemi sandar da ta gaza kaurin ƙwayarka da .001 zuwa .002 kawai, mai tsayin da ya kai zurfin da ƙwaya za ta zauna. Dayis ɗin Lyman mai harafin M yana yin ɗan mataki a bakin kwanso inda ƙwaya ke zama a miƙe, ina son sa ƙwarai. Buɗin baki ya isa idan gindin ƙwaya ya shiga da yatsa ya tsaya da kansa.

Gargaɗi: ƙarancin buɗi yana fere dalma, za ka ga siririn zobe mai ƙyalli a bakin kwanso. Yawan buɗi kuma yana tsaga baki da wuri.

8. Zuba albarushi

Albarushi mai saurin ci zuwa matsakaici shi ya dace da wannan aiki, irin su Bullseye, Unique da Winchester 231. Nemo layin da ya dace da nauyi da siffar ƙwayarka ta dalma, ka fara daga mafi ƙarancin adadin da aka rubuta. Gwangwani ɗaya kawai a kan tebur.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi girma a wannan rubutu: kwanson .38, .44 da .45 Colt dogaye ne, albarushi mai sauri kuma kaɗan ake zubawa. Zubi biyu na shiga kwanso ɗaya ba tare da ya cika ba, wannan kuwa yana tarwatsa silinda. Jera kwansuna a allonsu, ka haska tocila, ka bi su layi-layi ka ga tsayin albarushi ɗaya ne kafin ka ɗora ko ƙwaya guda. Sake auna zubi a sikeli bayan kowane goma. In an kira ka ko waya ta yi ƙara, juye kwanson da ke hannunka ka sake. Kada kuma ka sauka ƙasa da adadin farko na littafi da sunan tausaya wa dalma, ƙwaya na iya tsayawa a bututu.

9. Zaunar da ƙwaya, sannan ka naɗe baki

Raba su gida biyu. Idan dayis ɗaya na tura ƙwaya yana kuma rufe baki a lokaci guda, bakin kwanso na kankare dalma yayin da take sauka. Zaunar da duka tukuna har bakin kwanso ya zo daidai kwarin da aka tanada a jikin ƙwaya, sannan ka dawo ka naɗe bakin ya shiga kwarin. Kan sandar turawa ya dace da hancin ƙwaya, in ba haka ba zai lotsa shi ko ya karkatar da ita.

Naɗi matsakaici ya ishi ɗuri mai sauƙi. Amfaninsa shi ne hana ƙwayoyin da ke sauran ramuka zamewa gaba idan bindiga ta yi tsalle, har su toshe juyawar silinda.

Yanzu gwajin da kusan kowa ke tsallakewa. Haɗa harsashi ɗaya ba firaima ba albarushi, ka bi da shi duk matakan, sannan ka zare ƙwayar ka auna gindinta. In ta shiga da .358 ta fito da .358, ka tsira. Na taɓa shafe watanni ina canza mai da albarushi, ashe wani dayis ɗin naɗi mai zoben matsewa a bakinsa ne ke murƙushe harsashin gaba ɗaya. Kwanso na ɗan dawowa bayan matsi, dalma ba ta dawowa. Ƙwayar da na zare .356 ta nuna. Minti biyar na awo da sun cece ni daga duk wannan. In ka ga raguwa, laifin yana ɗaya daga uku: sandar buɗi ta yi siriri, naɗi ya yi yawa, ko dayis na matse jiki.

Daga ƙarshe goge man da ya taɓa jikin kwanso, ka haɗa wani harsashin gwaji irin wannan, ka gwada shi a kowane rami. Ya kamata ya faɗa da nauyinsa ya zauna.

10. Harba kaɗan, ka karanta bututu

Ɗura goma sha biyu zuwa sha takwas kawai, kada ka cika kwali da abin da ba ka gwada ba. Sa tabarau da abin toshe kunne. Bayan kowane shida, fitar da kwansuna, ka sa farar takarda a bayan bututu don ta mayar da haske, ka leƙa. Wurin da dalma ta zauna shi ke gaya maka ciwon.

In tana mazurari da inci na farko, wuta ce ke wucewa: ƙwaya ta yi siriri, ko ta yi tauri ga wannan matsi, ko maƙogwaro ya matse ta. Koma mataki na 3, na 4 da na 9. Wani lokaci ɗan ƙarin albarushi, a cikin iyakar littafi, shi ke kawar da ita, domin gindin ya samu abin da zai kumbura shi. In tana can kusa da baki, mai ne ya ƙare a hanya, canza mai ko ka ƙara siririn shafi a kai. In ta bi gefen tudun daga farko har ƙarshe kamar zare, gudu ya fi ƙarfin dalmar, rage ɗuri ko ka ƙara tauri kaɗan. In gefe ɗaya kawai ta kama a mazurari, saitin silinda ne.

Alamar da nake nema ita ce ɗan tauraron mai mai danshi a fuskar bakin bindiga, shaidar cewa man ya kai ƙarshen tafiya. Ɗan toka-toka da ƙyalle ɗaya ke sharewa ba matsala ba ne. Canza abu ɗaya a kowane gwaji, ka rubuta shi, ka kuma wanke bututu tas kafin na gaba, in ba haka ba dalmar jiya za ta ɓata shaidar yau.

Gargaɗi: harbin da ya yi ƙara ƙasa-ƙasa ko bindiga ba ta motsa ba, tsaya nan take. Kada ka ja kunama. Buɗe silinda, ka zura sandar tagulla ka tabbatar hanya a buɗe take.

11. Bayan an tashi

Dalma na shiga jiki ne ta baki da numfashi. Ban da ci, sha ko taba a wurin aiki. Wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci ko yaro. Ƙurar injin wanke kwanso na ɗauke da dalmar firaima, tace ta a waje, ka goge tebur da jiƙaƙƙen ƙyalle maimakon shara. Yara da mata masu ciki su nisanci wurin, wanda kuma ke wannan aiki a kai a kai ya riƙa gwada jininsa. Albarushi da firaima su koma kwalayensu na asali, a wuri mai sanyi, a kulle, kowanne daban. A jikin kwalin harsashin da ka gama rubuta ranar ɗuri, nauyi da kaurin ƙwaya, taurinta, irin mai, sunan albarushi da adadinsa, da bindigar da aka auna dominta.